Aikin Tafinta

A Hatton Cross, ɗaki na shida,
taga ɗaya ce, ita ma ba ta buɗuwa.
Duk bayan minti biyu jirgi zai tashi,
alƙaliya ta dakata
har ƙararsa ta wuce,
sannan ta ɗora daga inda ta tsaya.

Sana'ata ɗauko magana daga bakin wani
in kai ta kunnen wani,
ban zubar ba, ban yi mata gyara ba.
Na rantse a kan haka da safe,
hannuna a sama, cikina babu karin kumallo.

Kalmar yau gaɓa biyu ce: difot.
Sallau ya san ta kafin ni.
A masallacin Luton ana faɗarta ƙasa-ƙasa,
"an yi wa wane difot,"
kamar sunan cutar da ba a so yara su ji.
Amma doka ta ce sai da Hausa,
sai duk suka zuba mini ido.

In ce kora?
Kaji ake kora daga kan shanya,
su dawo kafin ka juya baya.
Wannan ba ta da dawowa.

In ce tisa ƙeya, yadda rediyo ke faɗa?
Na saci kallon ƙeyarsa:
furfura, da sawun reza
inda Suwaiba, 'yar shekara sha ɗaya,
ta gwada yi masa aski jiya da dare
don ya fito fes gaban hukuma.
Harshena ya ƙi.

In ce mayarwa gida?
Makullin gidan yana aljihunsa,
na ji ƙararsa da ya zauna.
Shekara sha tara ke nan.
Can Funtuwa an raba gado tuni,
ɗakin da aka yanke masa cibiya
yanzu shagon cajin waya ne.

Su masu harshen sun raba abin biyu.
Akwai wadda suke kira cirewa,
yadda ake wa haƙori, ko tabon manja a riga.
Ita kuwa wannan
fitarwa ce da danna sakata,
ta wanda kotu ta taɓa kamawa da laifi.
Nasa laifin: ya yi aiki da takardar wani,
ya amsa sunan da ba nasa ba
shekara shida, har yana waigawa in an kira.

Na taɓa bin sawunta a ƙamus
wani dare da barci ya ƙaurace mini.
Ashe tushenta ɗauka ne, ɗaukar kaya.
Dangi take da rahoto,
tana sallama da fasfo,
har Fatakwal suna da zumunci ta wajen tasha.
Kalmar 'yan dako ce.
Shi kuma Sallau dakon ya yi,
kwali bisa kwali a rumbun kaya na bakin titi,
har kafaɗarsa ta hagu ta sauka ƙasa da ta dama.
Yau ɗan dako ya zama kayan.

Alƙaliya ta gyara tabarau.
"Tafinta?"

Na ce, "Baba, suna so su ɗauke ka."
Ya ce, "Su kai ni ina?"
Na ce, "Gida, in ji su."
Ya yi shiru kamar mai lissafin canji,
sannan a hankali, ba da gatse ba,
ya ce, "To, tambaye ta, wane gidan?"

Na juya, na buɗe baki,
na ɗauko tambayar da hannu biyu,
sai wani jirgin ya taso.
Muka jira, mu duka,
ita da alƙalaminta, shi da makullinsa,
ni da kayan da aka ɗora mini.